Marigayiya Tana Ɗakin Baya

Ɗakin da aka ba Inna a sabon gidan ba ɗakin mutum ba ne. Ma'ajiyar kaya ce, a bayan falo. Tagarsa ɗaya, ita ma katangar maƙwabci take kallo. A saman bangon da ya raba shi da falo akwai 'yan ramukan shan iska, ta nan muryar mutanen gida take shigo mata. An saka gado, da tebur, da ƙwan lantarki mai hasken da ke sa hawaye. Sauran wurin farantai sun cinye.

Auta, ɗanta na ƙarshe, tsofaffin kwanukan tangaran masu zanen hannu yake sayarwa. Yana da shago a cikin gari, yana kuma saka hotunansu a waya, masu tara irin waɗannan kaya su gani su taya. A duk kayansa babu wanda ake rububi kamar mai alamar tsuntsu, wani ɗan mitsitsin tsuntsu shuɗi a gindin faranti. Alamar Inna ce, tun tana budurwa a masana'antar tangaran da aka rufe tuntuni. A can kowace mai zane da alamarta, don shugaban aiki ya san hannun da ya gyara da wanda ya ɓata.

Masu saye ba su san sunanta ba. Mai Tsuntsu suke ce mata. Abu ɗaya suka sani a kanta, shi ne ta rasu. Auta ne ya gaya musu.

A wannan sana'a mai zanen da ke numfashi ba shi da daraja, don gobe ma zai iya yin wani. Wanda ya mutu kuwa hannunsa ya rufe, abin da ya bari shi ke nan. Auta ya gane haka da wuri. Sai ya binne uwarsa da baki, ya bar hannun yana aiki.

Aikin ba shi da wuya a faɗa. Auta yana bin gwanjo da gidajen da ake rabon gado, ya sayo tsofaffin farantai farare waɗanda ba a taɓa yi wa zane ba. Tsufansu na gaske ne, duk wanda ya ƙwanƙwasa zai ji. Inna ta zana musu furanni da rassa, ta saka tsuntsunta a gindi. Auta ya gasa su a ƙaramin tanderun lantarki da ya ajiye a gareji, ya jiƙa su cikin ruwan shayi mai kauri har 'yan tsage-tsagen jikinsu su yi duhu, ya goga gindinsu a siminti. Farantin da aka zana wancan makon sai ya fito ya girmi Auta.

Da farko shagon kawai aka hana ta zuwa. Ba ta damu ba. Da suka tashi daga tsohuwar unguwa zuwa nan, inda babu wanda ya san fuskarta, masu saye suka fara zuwa gida. Sun fi so su ga kayan a cikin kabad ɗin marigayiya.

Wata safiya ta ɗauki kujerarta za ta ƙofar gida ta sha hantsi. Auta ya tare ta a tsakar gida da fara'a, ya karɓi kujerar kamar mai taimako. Ya ce layin nan ƙura ce da babura, kuma mutanen unguwar ba su da aiki sai sa ido. Ya ce ta ɗan yi haƙuri har ya gama kafa kansa, daga nan zai san yadda zai gyara maganar.

Ta ce, "Yaya ake gyara mutuwa, Auta?"

Ya yi dariya. Ya ce ai ba mutuwa ba ce, kasuwa ce.

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."

"Tawa kam ta yi 'ya'ya, Inna. Ga su can a makaranta, da takalma a ƙafarsu."

Ya mayar da kujerar ɗakin da kansa. Ya gyara mata zamanta a gaban tebur, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya fita yana kaɗa mabuɗin mota.

Sakata ta zo daga baya. Wata rana wata baƙuwa mai saye ta nemi banɗaki, ta ɓata hanya, saura kaɗan ta tura ƙofar Inna. Washegari kafinta ya zo ya kafa sakata ta waje. Matar Auta ce ta yi bayani, tana tsaye a bakin ƙofa tana goge hannu a zani. Ta ce ba don Inna aka saka ba, don baƙi ne. Ta ce in baƙi sun tafi nan take za a buɗe. Ta kawo fo mai murfi ta tura ƙarƙashin gado, ba tare da ta dubi Inna ba.

Baƙi ba su da lokaci. Wani ya ce zai zo da hantsi, sai la'asar. Tun da safe ake saka sakatar don kada a yi sake. Wani lokaci baƙon ya tafi, matar Auta ta shiga girki ta manta. In ta tuna sai ta zo da gudu tana cewa kai, wannan kan nawa, Inna me ya sa ba ki buga ba. Alhali ita ce ta ce kada a buga.

Jikokin ma an yi musu nasu karatun. In an tambaye su, ba su da kaka. Tsohuwar da ke ɗakin baya wata 'yar uwa ce marar lafiya, ba ta son hayaniya. Ƙaramar cikinsu takan leƙo ta nemi a zana mata fure a bayan hannu. Da uwarta ta ga shuɗin fenti a hannunta ranar da baƙi ke falo, ta wanke ta da soso har fatar ta yi ja. Ba ta ƙara leƙowa ba.

Warin man da ake dama fenti da shi ba shi da hanyar fita, sai ƙirjin Inna. Ta fara tari. Sannan ido. Wata farar yana ta fara rufe na dama, na hagu yana biye. Bakin faranti ya daina tsayawa wuri ɗaya. Takan kai buroshi inda take zaton ganye yake, ta tarar ta wuce. Furanninta da a da ake iya ƙirga jijiyoyinsu suka koma kamar an hango su ta gilashin da ruwan sama ya jiƙa.

Ta gaya wa Auta. Hankalinsa ya tashi, na gaske. Ya riƙe fuskarta ya duba idon a hasken taga, ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne, cikin mako zai kai ta a kankare. Farantan da ta ɓata kuwa ya tara su gefe, zai sayar a araha.

Kafin makon ya cika Mai Gilashi ya zo. Shi ne dillalin da ke yi wa tsofaffin kaya kima, maganarsa ce farashi a wannan kasuwa. Ba ya rabo da ɗan gilashin ƙara girma da ke rataye a wuyansa. Inna tana jin su ta ramukan bango. Ta ji yana ƙwanƙwasa farantai ɗaya bayan ɗaya da farcensa. Sannan ya tambayi Auta waɗancan na gefe fa.

Auta ya ce waɗannan ba su yi kyau ba.

Mai Gilashi ya ce Auta yaro ne. Ya ce waɗannan su ne kayan. Aikin ƙarshen rayuwarta ne, ga shi nan a fili, ido ya fara tafiya amma hannu bai manta hanya ba. Ya ce masu kuɗi ba fure suke saye ba, fure ai ko a bakin titi akwai. Tausayi suke saye. Ya ce duk wanda Auta ya tono irin wannan a kayan marigayiya, kada ya nuna wa kowa sai shi.

Inna ta zauna a bakin gado tana jin ana yabon makantarta.

Makon asibiti ya zo ya wuce. Auta ya ce likitan ya yi tafiya. Da likitan ya dawo, ya ce an ce yanar ba ta nuna ba tukuna, sai ta ƙara kauri ake cirewa. Daga baya ya ce a asibiti za a rubuta suna, a ɗauki hoto, kuma matar wani mai sayensa a can take aiki. Ya sayo mata maganin ɗigawa a kemis. Ya ƙara mata ƙwan lantarki na biyu.

Babbar 'yarta tana aure a wani gari mai nisa. Takan kira a wayar Auta, shi kuma ya kawo wayar ya tsaya a bakin ƙofa. Rana ɗaya aka kira shi waje, ya bar su. Inna ta yi sauri ta faɗi abin da za ta iya faɗa: sakata, da ido, da cewa rabonta da ganin titi har ta manta. Yayar Auta ta ce ai ta san da maganar, Auta ya yi mata bayani. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce Inna ta duba, wa ke biya wa 'ya'yanta ita ma makaranta tun da mijinta ya rasa aiki. Ta ce tsofaffi nawa ne ke yawo a titi babu mai ba su ko ruwa, ita ga gado ga abinci sau uku.

"Ki yi haƙuri, Inna. A bar kaza cikin gashinta."

Inna ta ce to. Ta tambayi lafiyar yara.

Sau ɗaya ta ajiye buroshi. Ta wanke su duka, ta jera, ta juya wa tebur baya. Farantai farare suka kwana biyu ba a taɓa su ba. Auta bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya shigo da kwanon abincinsa ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, kamar yadda yake yi yana yaro. Ya ce ya riga ya yi wa Mai Gilashi alkawarin babban kwano mai murfi da ƙananan kwanukansa. In bai kai ba za a fara tambaya. In aka fara tambaya za a kai wani faranti a auna fentin. Daga nan sai 'yan sanda, sai gidan yari. Ya ce shi bai damu da kansa ba, amma wa zai riƙe yaran. Ya ɗora goshinsa a gwiwarta. Kukan ma na gaske ne.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta shafa kansa. Da ya fita ta jawo kwanon.

Ranar da abin ya faru ba ranar baƙi ba ce. Ƙofar Inna a buɗe take, tana dama shuɗi. Aka yi sallama a ƙofar gida, muryar tsohuwa, a shaƙe. Inna ta tsaya da damun. Kafin ta gama tuna inda ta san muryar, ta ji gudun matar Auta. Aka jawo ƙofa. Sakata ta shiga.

Mai Ganye ce. Teburinsu ɗaya a masana'anta, ita alamarta ganye, Inna tsuntsu, har sunayen suka bi su. Tun tashinsu daga tsohuwar unguwa ba su ƙara jin ɗuriyar juna ba.

Inna ta ji an shigo da ita falo, ta ji ƙarar sanda a kan tayil, ta ji nishin da ta yi kafin ta zauna. Mai Ganye ta ce jikanta ne ya nuna mata hoton faranti a waya, an rubuta marigayiya a ƙasa. Ta ce ta sa ya karanta mata har sau uku. Ta bi shago, daga shago aka kwatanta mata gida. Mota biyu ta hau, da wannan ƙafar.

"Kai Auta, ashe ba ka da kirki? Ni da na goya ka a bayana uwarka tana aiki. A ce ta mutu, a waya zan ji?"

Auta ya ce abin ne ya zo da ruɗani. Ya ce sun nemi gidanta ba su samu ba.

Ta tambaya ko ta sha jinya. Ya ce a'a, cikin barci ne, da safe aka tarar. Ta tambayi inda kabarin yake, ta ce ko da rarrafe za ta je. Ya ce da nisa, a garin yayarsa aka yi jana'iza. Inna ta san wannan muryar tasa. Ita ce muryar da yake yi yana ƙarami in ya fasa abu ya ce kyanwa ce.

Inna ta miƙe. Daga gado zuwa ƙofa babu nisa. Ƙofar falanki ce marar kauri, ko da gwiwar hannu aka taɓa ta za a ji a falo. Ta ɗora tafin hannunta a kai.

Mai Ganye tana ta magana, tana kuka tana dariya. Ta ba matar Auta labarin yadda Inna take lasar bakin buroshi don ya yi tsini, har harshenta ya zama shuɗi, samari suna tsoron ta yi musu dariya. Ta ce su goma sha wani abu ne a ɗakin zane, duk sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kullum in ta kwanta takan ce ba komai, Mai Tsuntsu tana can wani wuri tana zagin wani. Yanzu saura ita kaɗai. Babu sauran wanda za ta ce wa kin tuna.

Tari ya taso wa Inna. Ta san shi, irin mai tuƙe ƙirji ne, ba ya tsayawa a ɗaya. Ba sai ta buga ƙofa ba. Ba sai ta yanke shawarar komai ba. Ta bar shi ya fito kawai, ba wanda zai ce da gangan ne.

A falo aka buɗe kabad. Mai Ganye ta roƙa a nuna mata aikin ƙawarta ta taɓa. Aka miƙa mata faranti. Sannan ta yi magana, muryarta ta sauya.

"Wannan ba na zamaninmu ba ne. Hannunta ne, amma ba ta gani. Auta, idonta ya lalace kafin ta rasu?"

"Ya ɗan taɓu."

"Ya ɗan taɓu? Dubi nan, lalube take. Yana ce, irin tawa. Ni da ba ni da kowa an cire mini, ga shi ina ganinka sarai. Ita tana da kai, ka bar ta tana lalube a kan faranti?"

Matar Auta ce ta ce sun yi iya ƙoƙarinsu, Inna ce ba ta son asibiti.

Inna ta jira ta ji ko zai ce wani abu. Abin da ta ji shi ne numfashinsa, sama-sama, kamar na wanda aka rutsa a lungu. Daga can tsakar gida ƙaramar jikarta tana waƙar da aka koya musu a makaranta, tana ɓata baitin tana sakewa.

Ta janye hannunta daga ƙofar. Ta lalubo tsumman da take goge buroshi, ta cusa a baki. Ta durƙusa ta danna fuskarta cikin katifa. Tarin ya zo, ya girgiza ta tun daga ƙugu, ya sake zuwa. Ɗacin fenti ya cika mata maƙogwaro. Ko ƙwaƙƙwaran sauti bai fita ba.

Da ya lafa, Mai Ganye ta fara addu'a. Ta roƙa wa ƙawarta gafara. Ta roƙa a yalwata mata makwancinta, a haskaka shi, kada a bar ta cikin ƙunci ita kaɗai. Auta da matarsa suna cewa amin. Inna ta zare tsumman daga bakinta. Leɓɓanta suka motsa tare da nasu.

Sanda ta yi ta ƙwanƙwasa tayil har ta yi nisa. Ƙofar gida ta rufe.

An daɗe kafin a zare sakatar. Auta ne. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙafar gado. Inna tana zaune a gaban tebur, bakinta da shuɗi.

Ta ce, "Ka ba ta ruwa?"

Ya ce ya ba ta.

"Ka sa ta a mota? Ƙafarta ba ta da kyau."

Ya ce har tasha ya kai ta. Ya ce, "Na gode, Inna." Ya ce da zarar an gama da kwanon nan mai murfi, asibiti za su, ya rantse.

Ta ce ya matsa, yana tare mata haske.

Daga ranar ba ta ƙara tambayar titi ba. Ba ta ƙara tambayar likita ba. In an kawo faranti ta zana, in an kawo abinci ta ci. Matar Auta ce ta fara lura. Wata rana baƙi suka zo ba zato, ta manta da sakata, suka yi cinikinsu suka tafi, ko motsi ba a ji ba. Ta gwada washegari da gangan. Haka. Sai ta daina wahalar da kanta. Da kafinta ya zo gyaran kabad, aka ce ya cire sakatar gaba ɗaya, tana ɓata ƙofa.

Yanzu ƙofar a buɗe take wuni. Iska tana kaɗa ta. Inna tana zaune ta ba ƙofar baya, hancinta kusan a kan faranti, tana neman inda za ta sa tsuntsu.

Auta ya samu sauƙi ƙwarai. Ya yi ƙiba. In yayarsa ta kira, yakan juya wayar ya nuna mata da idonta.

"Kin gani ko, Yaya? Ga ƙofa nan a buɗe. Wa ya hana ta? Ita ce ba ta son fita."